Ranar Da Baba Ya Kira Ni Malama

Kwana uku ke nan ina buɗe wayar nan ina rufewa kafin na iya rubuto muku wannan. Waɗanda suka yi ta turo saƙo suna tambaya ko lafiya, lafiyata lau, kunya ce kawai ta riƙe min hannu. Na yi tunanin in gyara labarin yadda zan fito da ɗan sauran mutunci, sai na ga ai irin wannan gyaran ne ya kai ni inda nake. Don haka ga shi yadda ya faru, wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta.

Ga sababbin da suka shigo mana, ni malama ce a wata makarantar ƙananan yara, ajin 'yan shekara uku zuwa huɗu. A makaranta Anti nake, a gida kuwa Auta, ko da yake shekarata ashirin da bakwai. Wanda nake ba ku labarinsa likitan haƙori ne, kowa Likita yake ce masa, ni ma haka na ajiye shi a waya. Matarsa ta rasu shekara biyu kafin mu haɗu, ta bar masa 'ya ɗaya, Mimi. Ta dalilin Mimi muka haɗu.

Ranar da aka kawo ta ajina ba ta yi kuka ba kamar sauran yara. Ta je kusa da inda muke jera takalma ta zauna, ta ɗora yatsa a kan tebur tana ja sama tana ja ƙasa, kamar mai latsa waya. Mako guda cur ban ji muryarta ba. Da na tsayar da mahaifinta a bakin ƙofa na yi masa magana, sai ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne. Bayan rasuwar ya rasa yadda zai yi da kukanta, sai ya riƙa miƙa mata waya, in ta karɓa ta yi shiru shi ma ya samu ya numfasa. A haka aka ci shekara biyu. Ya kai ta wurin abokan aikinsa sun duba kunne sun duba komai, sun ce lafiyarta ƙalau, wanda zai yi mata magana ya jira amsarta ne babu.

Ni ban yi wani abin a-zo-a-gani ba. Gwangwanin maɓallai na kawo daga gida, kullum in zauna a ƙasa kusa da ita in zube su, in ɗauki ɗaya in ce, "Mimi, me kika gani?" Daga nan in kama bakina. Ba na amsa mata, ba na gaggauta ta. A mako na shida ta ɗaga wani baƙin maɓalli ta ce, "Babba." Da na faɗa wa Likita, sai da ya juya baya yana goge tabarau.

Daga nan saƙonnin godiya suka fara, suka koma na tambayar ko na isa gida, suka koma waɗanda nake karantawa ina rufe fuska da filo. Wata rana da yamma ya rage min hanya. Motar sanyi, ƙamshi, Mimi na barci a baya. Ya gama ba ni labarin gidansu ke nan: mahaifiyarsa shugabar makaranta ce kafin ta ajiye aiki, mahaifinsa ya koyar a jami'a shekara talatin, ƙannensa biyu lauyoyi. Sai ya tambaye ni a wace kwaleji aka koya min wannan haƙurin da yara. Na ce ba kwaleji ba ce, Babana ne.

"Me Baba yake yi?"

"Injiniya ne," na ce. "Ya yi ritaya."

Wallahi ban shirya ta ba. Fitowa kawai ta yi, kamar da ma tana zaune a bakina tana jira. Na ga yadda ya gyaɗa kai cikin gamsuwa, na ji wani daɗi, kuma wannan daɗin ne abin da ya fi ba ni kunya yanzu.

Gaskiyar ita ce Babana mai gyaran rediyo ne, da fanka, da dutsen guga. Shagonsa na ƙarshen layin da ke bayan tashar mota, in ka miƙe hannuwa biyu za ka taɓa bango da bango. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa ba ya iya karantawa. Kayan mutane da zare yake gane su: jan zare na mai kayan miya ne, shuɗi da ƙulli biyu na direban nan mai yawan magana. Ban taɓa ganin ya ba wani kayan wani ba.

A wannan shagon na girma. In an taso mu daga makaranta can nake wucewa, in zauna a kan wani tsohon gwangwanin fenti da ya kife min. Sai ya buɗe cikin rediyo ya turo gabana ya tambaye ni me na gani. In na ce wayoyi, ya ce guda nawa. In na ƙirga, ya ce wacce ce ba ta yi kama da 'yan uwanta ba. Zai iya jira na har shayinsa ya huce bai ce uffan ba. Ranar da na fasa masa ƙwan fitilar wani, na tsaya ina jiran mari, sai ya tsuguna ya ce in gaya masa a ganina me ya sa ya fashe a siminti amma jiya bai fashe a kan tabarma ba. Ban taɓa yi masa tambaya ya ce in rufe masa baki ba. Wadda bai sani ba sai ya ce, "Ban sani ba, Auta, zo mu gwada mu gani."

Umma kuma tela ce, a tsakar gida take ɗinki. Nata salon daban ne. Tana taka keke tana ba ni labari, in ya kai wurin daɗi sai ta ce ta manta, in ƙarasa mata. In na ƙarasa ta ce a'a, wannan ƙarshen bai zauna ba, ina aka bar akuyar da aka ɗaure tun farko? Dole in koma in ɗinke shi. Maɓallan da na kai wa Mimi ma nata ne. Duk abin da ke cikin kan nan nawa, mutum biyun nan suka zuba shi, ɗaya da sukurudireba, ɗaya da allura. Su ne na ɓoye.

Wata takwas muna tare ban bar Likita ya taka ƙofar gidanmu ba. Kullum a bakin kantin magani na kan kwana yake sauke ni, in ce masa layinmu mota ba ta shiga. Umma ta gaji. In ina guga ta zo ta tsaya a kaina ta tambaye ni ko kura muke kiwo a gidan nan da baƙo ba zai shigo ba. Gwaggona kuwa saƙon murya take turowa, minti bakwai, minti tara, duk a kan cewa mutumin da ke tsayawa a kan kwana ba aure ya kawo shi ba. Ban iya gaya musu cewa shi ne ke roƙon zuwa, ni ce ke hanawa. Baba kuwa, abin da na lura kawai, ya sake wa ƙofar gida fenti da hannunsa, ya kuma sayo kujerun roba biyu farare ya jingine su a ɗakinsa, har yau ledarsu na jiki.

To, Mimi tana da wata 'yar tsana mai waƙa, mahaifiyarta ce ta saya mata. Wata rana a aji ta daina waƙar, yarinyar nan ta yi kukan da ban taɓa ji ba. Na sa 'yar tsanar a jaka na kai wa Baba, kafin in gama wanke kwanuka ya tashe ta. Washegari Likita ya tambayi wa ya gyara, don shi tun da waƙar ta fara yankewa ya kai ta wurare biyu sun ce sai dai a sayi sabuwa. Na ce wani mai gyara ne a layin bayan tasha. Wani mai gyara. Na faɗa na wuce, na manta.

Ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, saƙonsa ya shigo: "Ki shirya ƙarfe huɗu. Akwai wanda nake so ki gani, na daɗe ina ɓoye miki."

Na ɗauka wurin mahaifiyarsa zai kai ni. Na fito da doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, wadda Umma ta ɗinka min ban taɓa sawa ba, na goge mayafi sau biyu, na sa takalmi mai tsini da ke cin ɗan yatsana. Na shafa hoda na goge, na sake shafawa. Umma na kallona ta ƙasan ido tana murmushi, ta ce in gaishe su.

Da na shiga motarsa a kan kwana, Mimi na kujerar baya rungume da 'yar tsanarta, tana ta surutu, don yanzu sai an roƙe ta take yin shiru. Likita ya ce tun da na ambaci mai gyaran nan ya je ya nemo shi, da rediyon marigayiya da ya daɗe a ajiye. Asabar uku ke nan suna zuwa, har lambar wayarsa ya karɓa. Rediyon tun zuwan farko ya tashi, sauran zuwan Mimi ce ke ja.

Na kalli titi, na ga mun bar hanyar unguwarsu mun miƙa ta tasha.

Shi kuwa bai lura da ni ba, labari yake yi. Ya ce a gidansu akwai ɗaki guda na littattafai, bango huɗu, amma bai tuna ranar da mahaifinsa ya zauna a ƙasa da shi ba. In ya yi tambaya a wurin cin abinci, amsar ɗaya ce: je ka duba littafi. In ya ba da amsa ba daidai ba, sai a kira ƙannensa su ji. Ya ce har yau, da girmansa da takardunsa, in zai ɗaga hannu a taro sai tafin hannunsa ya jiƙe. Amma wannan dattijon ya zauna da Mimi minti arba'in a kan ƙusoshi da maganaɗisu, bai duba agogo ba ko sau ɗaya. Ya ce kallonsu yake yi yana koyon zama uba.

Daga inda muke zuwa shagon bai fi minti biyar ba. Minti biyar sun ishi mutum ya faɗi gaskiya sau goma. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne wai kaina na ɗan ciwo. Ya ce ba za mu daɗe ba.

Baba na zaune a kan bencinsa, sanye da shuɗiyar rigar aikinsa mai ƙunar ƙarfen narka dalma a aljihu, tabaransa ɗaure da siririyar waya a gefe ɗaya. Mimi ta fice da gudu tana kiran Kaka. Ya ɗago yana dariya, ya buɗe mata hannu, sai idonsa ya sauka a kaina. Na ga fuskarsa ta buɗe gaba ɗaya. Ya fara miƙewa yana karkaɗe riga. Na san abin da ya zo masa a rai: ashe wannan ne mai tsayawa a kan kwana, yau Auta ta kawo shi.

Likita ya riga shi magana.

"Baba, ga malamar da nake ba ka labari. Ita ma mahaifinta ne ya koya mata, injiniya ne, ya yi ritaya. Na ce dole ku ga juna."

Baba ya tsaya a yadda yake, bai gama miƙewa ba, bai koma ya zauna ba. Ya dube ni. Ba harara ba ce, ba mamaki ba. Jira yake yi, irin jiran da yake min ina ƙarama in ya yi tambaya. Ya ba ni lokaci, ya ƙara. Ina jin ƙarar motoci, ina jin wani yana kiran fasinja, ina jin takalmin nan na cin yatsana. Na kawar da idona daga nasa.

"Sannu da zuwa, Malama," in ji Baba.

Ya jawo gwangwanin fentin nan daga ƙarƙashin tebur, ya goge shi da hannun rigarsa, ya ce in yi haƙuri wurin ba girma. Na ce, "Ina wuni, Baba," da irin muryar da ake gaida kowane tsoho a hanya. Na zauna a kan gwangwanina da rigar duwatsu.

Ban san yadda rabin awar nan ta wuce ba. Ya zube wa Mimi ƙusoshi da 'yan robobi a faranti, ya ba ta maganaɗisu, ta yi ta mamakin yadda wasu ke tsalle su manne wasu su ƙi. Da ya tambaye ta me ta gani, sai ta ɗago ta nuna ni ta ce Anti ma haka take cewa. Likita ya yi dariya ya ce ai shi ya sa ya kawo ni. Baba ya ce da ganin Malama an san hannu mai kyau ya rene ta. Sai Likita ya tambaye shi ko cikin 'ya'yansa akwai wanda ya gaji wannan baiwar.

"Autata," in ji shi, idonsa a kan faranti. "Ita ma yara take koyarwa. Ta fi ni iyawa, don ita ta yi karatu."

Da za mu tafi ya rako mu har bakin mota, ya ce in gaida mutanen gida.

A kan kwana Likita ya sauke ni, yana ta ba ni haƙuri a kan ciwon kai. Na cire takalmin na riƙe a hannu na taka har gida. Umma na kan keken ɗinki. Ta tambaya yaya surukar tawa, tana dariya. Na durƙusa a gefen keken na faɗa mata komai, tun daga kalmar farko a cikin mota.

Na so a ce ta yi faɗa. Ƙafarta kawai ta ɗauke daga kan keken, ta daɗe tana kallon zaren. Sannan ta ce min, a hankali, lokacin da nake jaririya maƙwabtan shago dariya suke yi wa Baba, wai yana hira da jinjira kamar da sa'arsa, yana nuna mata batir yana gaya mata sunansa. Ya ce musu shi ba a yi masa ba, shi ya sa kansa ya tashi a rufe, tasa 'yar ba za ta tashi haka ba. Ta ce shekara talatin da biyar tana aure da shi, ba ta taɓa ganin rashin karatu ya sa shi sunkuyar da kai a gaban kowa ba. Ta ce ba ta san ko yau na koya masa ba. Ta mayar da ƙafarta ta ci gaba da ɗinki, ba ta ƙara kallona ba.

Ana gab da magariba Baba ya shigo da kekensa, ya yi sallama kamar kullum, ya rataye hularsa a ƙusa. Bayan ya dawo daga masallaci Umma ta kai masa shayi a bakin ƙofar ɗakinsa. Na wanke fuskata, na cire rigar, na sa tsohuwar atamfata, na je na tsuguna a gabansa. Na ce Baba ka yafe min.

Ya kurɓi shayi. Ya ce yarinyar nan Mimi tana da kai, ta gane da kanta cewa roba ba ta bin maganaɗisu, kuma uban mutumin kirki ne, mai tambaya ne, mai tambaya kuwa ba ya ɓata. Ya ce kar in bar yarinyar ta rasa ni saboda shi.

"In injiniya suke so, ki bar shi a haka," ya ce. "Ni zan iya zama mai gyara, ai shi ne ni. Sai dai ranar da za su zo gidan nan ban san inda za ki ajiye ni ba. Ɗakin nan ƙarami ne."

Ya yi 'yar dariya, don in samu in yi. Wallahi 'yan uwa, da ya ɗauko waya ya zane ni da na fi samun sauƙi.

A nan gabansa na ciro wayata. Na rubuta dogon bayani na goge. Na rubuta wani mai cike da dalilai, shi ma na goge, don babu dalilin da ya tsaya da ƙafarsa. A ƙarshe ga abin da na tura: "Mai gyaran da ka kai ni wurinsa yau mahaifina ne. Ba injiniya ba ne, bai yi makaranta ba. Ƙarya na yi maka don ina jin kunya. Duk abin da na yi wa Mimi shi ya yi min."

Alamar ta nuna ya karanta nan take. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya daɗe, ya sake tsayawa. Daga nan ya sauka gaba ɗaya. Na zauna riƙe da waya, minti biyar, minti goma, babu ko harafi. Umma ta rufe kekenta. Baba ya shanye shayinsa ya kife kofin.

Sai ƙaramar wayarsa mai maɓallai ta fara ƙara a aljihun shuɗiyar rigar. Ya ciro ya miƙo min in duba masa mai kira. Ba suna, lamba ce kawai, amma lambar da na haddace tun wata takwas.

Na ce masa Likita ne.

Ya karɓi wayar ya dube ta tana ta ƙara. Ya miƙa hannu ya ciro hularsa daga ƙusa ya sa, ya gyara mata zama kamar mutumin zai gan shi. Sannan ya danna, ya yi sallama, ya ce, "Na'am, ina jin ka, ɗana." Ya shiga ɗaki ya turo ƙofa, ya bar ni tsugune a waje.